Waldar da Na Rufe da Fenti

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayenmu mata, na gode da kuka ba ni wannan fili. An ce mini minti goma. Zan ƙoƙarta, amma kun san halin masu walda, in muka ce aikin kwana biyu ne sai a haɗa mana da haƙuri.

Sunana Ishaku, a nan unguwarmu ta Romi an fi sanina da Baban Ladi. Shekara goma sha tara na yi ina walda a sashen gyara na wata masaƙa a Kakuri kafin a sallame mu. Ba daga cuta Ubangiji ya fitar da ni ba, ba kuma daga giya ba. Da giya ce da ta fi mini sauƙin faɗa a gabanku. Girman kai ne ya ɗaure ni, ya kulle mini baki, har saura ƙiris ya kashe mini mata.

Waɗanda suka daɗe a unguwar nan sun san rafin da ya raba mu da tsallake. Da rani ko takalmi ba ka cirewa. Da damina kuwa sai ka naɗe wando ka yi addu'a, ko ka zagaya ta titin kwalta, tafiyar kusan awa guda. A shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa yana jin kansa sabon mutum, sai unguwa ta zauna ta ce mu ma mu yi wa kanmu gada ta ƙafa da aikin gayya. Ni aka ɗora wa aikin ƙarfe. Na samo shasin tsofaffin tireloli guda biyu, wato dogon ƙarfen da ke ɗauke da jikin mota, waɗanda in an jera su baki da baki za su kai daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Akwai wani dattijo ɗan Filato da ke zaune a Barnawa, tsohon injiniya ne da ya yi ritaya, 'yarsa na aure a layinmu. Baba Injiniya muke ce masa. Shi ya zo ya auna mana wurin kyauta, ya zana a takarda. Ya kafa turke a tsakiyar rafin ya ce a nan za a gina ginshiƙi, don mahaɗin shasin biyu ya zauna daidai a kansa. Ya ce kuma kada in dogara da walda kaɗai, in ɗaure mahaɗin da faranti na ƙarfe ciki da waje, da kusoshi masu noti. Daga nan aka yi masa rasuwa ya tafi gida.

Ranar gayya muka fara haƙa a inda ya kafa turken. Muna haƙa, yashi na ruftawa, ruwa na ɓulɓulowa. Tun safe har rana ta take ba mu kai ko gwiwa ba. Maza sun gaji, kunun da mata suka kawo ya ƙare, kowa ya zuba mini ido. Taku huɗu daga wurin akwai marmara mai tauri. Sai na ce a matsar da ramin can.

Wani ya tambaye ni mahaɗin fa. Na ce waldata ta fi ƙarfen kansa ƙarfi. Da bakina na faɗa, ina dariya.

Haka ginshiƙin ya tsaya a wuri ɗaya, mahaɗin kuma ya rataye a iska taku huɗu daga gare shi. Farantin da kusoshin ma ban sa ba, don huda shasi aiki ne mai cin rai, ni kuwa ina son a gama kafin ruwan fari.

Da Baba Injiniya ya dawo ya sauka cikin rafin ya daɗe yana kallon mahaɗin daga ƙasa. Can ya ce, "Tunda an riga an yi, katako kawai za ku shimfiɗa a kai. Ka ji ni, Ishaku? Katako kawai."

Na ce na ji.

Ba a yi wata biyu ba sabon kansila ya kawo ziyara. Lokacin kowane ɗan siyasa yana neman abin da zai nuna da yatsa ya ce ga aikin farar hula. Ya dubi katakonmu ya ce wannan ai gadar ƙauye ce, shi zai kawo siminti da rodi a zuba kankare, har acaɓa ta riƙa wucewa. Aka kira taro. Baba Injiniya ya miƙe ya ce ƙarfen ba zai ɗauka ba, nauyin kankaren kaɗai ya fi na mutanen da za su taka. Ni kuma na miƙe na ce, "Baba, ku a takarda kuka san ƙarfe. Ni a tafin hannuna na san shi."

Aka yi ta tafi. Dattijon ya ɗauki hularsa ya fita, bai sake zuwa taronmu ba.

Aka zuba kankare, aka kafa bututun dafawa hagu da dama, aka shafa fenti. Mutane suka sa mata suna Gadar Ishaku. 'Yan'uwa, ba zan ɓoye muku ba, sunan nan ya fi mini nama daɗi. Mutumin da aka sallama daga aiki da takarda ɗaya, yau ga shi direban acaɓa na tambayar fasinja, "Ta Gadar Ishaku za mu bi?" Sai kuma lokacin rikicin nan ya zo da jama'a suka yi ta ƙaura zuwa wannan ɓangaren gari, gonakin tsallake suka zama gidaje. Gadar da aka yi don 'yan tsiraru ta koma hanyar kowa, har da masu tura kurar ruwa da baron bulo.

Da damina ta zagayo, ruwa ya fara kwanciya a kan gadar. Ba ko'ina ba, wuri ɗaya ne, daidai saman mahaɗin. Iyayenmu mata suka kawo ƙara cewa yana jiƙa musu takalman zuwa sujada. Na kwaɓa siminti na cike wurin ya yi sumul, aka yi mini godiya. Da wata daminar ruwan ya dawo, ya fi na da faɗi. Na sake cikewa.

Ni mai walda ne, na san shimfiɗaɗɗen abu ba ya tara ruwa sai in ya lotsa. Gadar tana sunkuyawa, ni kuma maganin da nake ba ta shi ne in ƙara mata kaya a daidai inda take ciwo. Na sani, amma na ƙi bari sanin ya zauna a kaina.

Ana saura mako biyu Kirsimeti na sauka ƙarƙashinta da gwangwanin fenti, don ta yi kyau a idon baƙi. Sai na ga jan ruwan tsatsa ya zubo daga mahaɗin ya bushe a jikin ƙarfen. Na kankare da farce. A can ƙasan waldata akwai tsaga siririya kamar gashi. Ina tsaye ina kallonta sai acaɓa ta hau gadar da fasinja biyu, kuma a gaban idona tsagar nan ta buɗe ta rufe.

Zan iya ɗauko injin walda, amma da an ga inji a ƙarƙashin gada za a tambaya, in an tambaya kuma maganar Baba Injiniya za ta tashi. Buroshi na hannuna. Na tsoma shi na shafe tsagar, na sake shafawa har sau uku.

Daga ranar ban ƙara taka gadar ba. In zan je tsallake sai in zagaya ta kwalta. Na ce wa mutane hawan jini ne, likita ya ce in riƙa tafiyar ƙafa.

Matata Rifkatu, Maman Ladi, tana da tebur na kayan miya a tsallake. Kullum sau biyu take hayewa, sau da yawa da jikarmu Bege goye a bayanta. Daga ƙofar shagona ana hango gadar. In na ga ta hau sai in kashe inji in tsaya ina kallo har ta sauka, sannan in kunna. Abin da na iya yi mata ke nan. Wata takwas ina haka.

A cikin watannin nan gadar ba ta yi shiru ba. In kurar ruwa ta wuce sai ka ji wani ƙas daga ƙasa, ƙarami, wanda sai mai jiran sa ne zai ji. Bututun dafawa ya ɗan karkace ciki. A bakin gaɓa kankaren ya rabu da ƙasa, da fari yatsa ɗaya ke shiga, daga baya biyu. Na riƙa tura yashi da ƙafa ina cikewa in ba kowa. Addu'a ta bushe a bakina. Ina jagorantar zumuntar maza ran Laraba, ina ɗaga murya, amma ni na san ba ta wuce kwanon rufi.

A watan Agusta aka yi rasuwa a tsallake, mijin ɗaya daga cikin matan zumunta. Kun san yadda iyayenmu suke yi. Ran Asabar za su taru a majami'a da zanensu iri ɗaya, kowace da damin itace ko kwanon hatsi a ka, su jeru su tafi gidan makoki da waƙa. Kuma ba tafiya suke yi kowa da tata ba. Ganga ce ke ba su taku, ƙafa ɗaya suke ɗagawa, ƙafa ɗaya suke saukewa, su kusan hamsin.

Ran Alhamis muna cin tuwo Maman Ladi take ba ni labarin shirinsu, don ita ke riƙe ƙaramar ganga a tsakiyar layi. Sai ta yi dariya ta ce ai sun fi son bi ta gadata, in suka kai tsakiya sukan tsaya su ƙarasa baitin a nan, saboda gadar ma tana taya su rawa. Ta ce har a gwiwa suke jin ta tana amsawa.

Lomar da ke hannuna ban san yadda ta koma kwano ba.

Washegari a addu'ar safe ita ta yi mana jagora. Ta gode wa Allah don abinci, don yara, sannan ta gode masa don hannuwan mijinta da suka yi wa jama'a hanya. Na kasa cewa amin. Tana fita na shiga shago na ja ƙofa, na durƙusa a tsakanin guntayen ƙarfe na ce, Ubangiji ka riƙe gadar nan gobe kawai. Na maimaita, na sake maimaitawa. A na uku ne na ji abin da bakina ke faɗa. Roƙon Allah nake ya taya ni ɓoye ƙarya.

Ban ji wata murya daga sama ba, kada in ƙara abin da bai faru ba. Amma tambaya ta tsaya mini a ƙirji kamar an kafa ƙusa: sunanka ko matarka? Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Na ce, Yesu, ka ɗauke sunan, ka bar mini Rifkatu, ka ba ni bakin da zan faɗi gaskiya. Da na tashi na san inda za ni.

Na sami Baba Injiniya a Barnawa yana gyara shingen gidansa. Na yi zaton zai tuna mini abin da na faɗa masa a gaban jama'a. Bai ko ɗaga maganar ba. Ya shiga ciki ya fito da ƙaramar guduma da igiya, ya ce mu je.

Ruwan rafin ya kai mana cinya. Ya ɗaure igiyar daga ginshiƙi zuwa gaɓa ya ja ta miƙe, sai ga cikin gadar ya sauka ƙasa da igiyar fiye da tsawon tafin hannu. Ya ƙwanƙwasa fentina ya ɓare. Tsagar da na bari kamar gashi ta hau har ta wuce rabin ƙarfen.

Ya yi mini bayani a hankali, kamar ba da ni aka yi ba. Ya ce ƙarfen da ke rataye tsakanin ginshiƙi da gaɓa, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma jan sa ake yi kamar za a raba shi biyu, ni kuwa a daidai inda jan ya fi tsanani na ajiye waldata. Kankaren ya ƙara jan, cikon da na yi sau biyu ya ƙara, ruwan da ke tsiyaya ta ciki kuma yana cin ƙarfen ba dare ba rana. Ya tsinci wata waya a bakin ruwa ya riƙa lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya har ta tsinke a hannunsa. Ya ce haka kowane taku yake yi wa mahaɗin nan, kuma taku hamsin da suka faɗi lokaci ɗaya ba daidai suke da hamsin da suka warwatsu ba.

Ya ce, "Matan nan, da itace za su hau?"

Na ce da itace.

"Da ganga?"

Na ce da ganga.

Ya ce, "A rufe ta yau."

Muka je wurin mai unguwa, ya ce wannan magana ta fi ƙarfinsa, sai kansila. Muka sami kansila, ya saurare mu yana duba agogo. Ya ce zaɓe na tafe, in aka rufe gadar 'yan hamayya za su ce aikinsa ne ya lalace, mu bari za a duba. Muka fito da za a duba a hannu.

Ran Asabar da sassafe na ari janareto na ɗora a baro da injina da tsofaffin bututu. Na zagaya ta kwalta na toshe bakin tsallake da walda, na dawo na fara na gefenmu. 'Yan acaɓa suka taru a kaina, wani na cewa, "Oga, wetin be dis? Ka haukace ne?" Na ci gaba da waldata. Hadari ya haɗu ta gabas, rafin ya cika ya yi ja yana dukan ginshiƙin. Ina kan bututu na ƙarshe na fara jin gangar daga nesa. Tana matsowa, taku bayan taku, har na fara rarrabe muryoyinsu.

Mama Saratu, shugabar zumunta ta lokacin, ita ce a gaba. Ta tsaya da daminta a ka, layin duka ya tsaya, gangar ta mutu.

Ta ce, "Ishaku, cire mana wannan abin. Masu makoki na jiranmu."

Na ce, "Mama, ba za ku hau ba. Gadar ta tsage, za ta karye da ku."

Ta ce ai jiya ma ta bi ta kanta lafiya lau, kuma ni ne na gina ta, in akwai matsala ai da na faɗa tuntuni. Sai ta tsaya ta ƙare mini kallo. Ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

A nan ne Shaiɗan ya buɗe mini ƙofa. In na ce jiya, ba wanda zai musa. Na ce, "Tun kafin Kirsimeti."

Sai na ga layin ya buɗe, Maman Ladi ta fito da gangarta a hammata.

Ta ce, "Shi ya sa kake zagayawa."

Na ce e.

"Ba hawan jini ba ne."

Na ce ba shi ba ne.

Ta ce, "Kana zaune a shago kana kallona ina hayewa da Bege a bayana."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ta juya ta koma wurinta, Mama Saratu ta juya layin, suka kama hanyar kwalta da kayansu a ka, yayyafi na sauka. Tunda nake ban taɓa ganin matan zumunta suna tafiya ba waƙa ba sai ranar.

Gadar kuwa ba ta faɗi ba. Ta tsaya garau da fentinta, kwana ɗaya, kwana biyar, kwana goma. Wasu suka ce na taɓu, wasu suka ce 'yan wata jam'iyya ne suka sa ni. Yaran kansila suka aiko cewa za su yanke bututun, sai na riƙa wuni a bakin gadar a kan benci. A gida Maman Ladi takan ajiye mini abinci ta wuce, tsakaninmu sai ina kwana. Zan faɗi abin kunya: akwai ranar da na ji ina fatan gadar ta faɗi don kawai a san ban yi ƙarya ba. Ko a cikin tuba girman kai bai gama sakina ba. Allah ya gafarta mini.

Rana ta goma sha biyu, Alhamis da azahar, ba ruwa ba iska, rana tana haske. Ina zaune a bencin na ji ƙas ɗin nan, amma wannan karon bai tsaya ba. Cikin gadar ya sauka a hankali kamar mai shirin durƙusawa, sannan ta tafi gaba ɗaya da ƙara irin ta tifa tana juye dutse. Ruwa ya yi tsalle har ya jiƙa ni. Babu kowa a kanta. Ko akuya babu. Nauyin kanta kaɗai ya ishe ta. Halleluya!

Da yamma ruwa ya ɗan ja, Baba Injiniya ya zo muka gangara. Ban san Maman Ladi na bayanmu ba sai da na ji takunta a taɓo. Bakin shasin da ya karye ya ɗago sama daga cikin ruwa. Baba ya goge shi da hannu ya nuna mana. Duk fuskar karayar baƙa ce, tsatsa ta daɗe da cinye ta, alamar ta rabu tun tuni. A can sama ne kawai akwai ɗan wuri fari yana ƙyalli, sabon tsinkewa. Ya ce wannan farin shi kaɗai ya rage yana riƙe da gadar.

Maman Ladi ta matso ta ɗora yatsunta a kan farin. Yatsu biyu suka rufe shi.

Ta daɗe ba ta cire hannun ba. Can ta ce, "A kan wannan nake tafiya, ni da yarinyar nan." Ta dube ni, karo na farko cikin kwana goma sha biyu. Ta ce, "Baban Ladi, ba waldarka ce ta haye da mu ba."

Na ce ba ita ba ce.

Sai ta durƙusa a cikin taɓon nan da zanenta, ta kama bakin wandona ta jawo ni ƙasa. Ta yi godiya don Bege, ta yi don matan zumunta tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ta kira nawa. Ba a ranar ta gama yafe mini ba, abin ya ɗauke mu lokaci, kuma ban ga laifinta ba. Amma a ranar ta fara.

'Yan'uwa, in akwai abin da ka sani, wanda kai ka daina takawa amma kana kallon naka suna hawa kullum, kada ka jira Asabar. Ka kai wa Yesu, ka buɗe baki ka faɗa wa waɗanda abin ya shafa. Za ka ji kunya, ni na ji ta har ƙashi, amma ka dogara gare shi, ba zai bar ka a cikinta ba. Ni an daina kiran komai da sunana a unguwar nan, kuma ban yi asarar komai ba.

Maman Ladi tana nan a cikinku da ranta, Bege ta shiga makaranta, ba mu binne ko mutum ɗaya ba. Ku taya ni ɗaukaka sunan Ubangiji, gama ni kaɗai bakina ba zai isa ba. Cikin sunan Yesu, amin.